Arziki, laifi da gidan kaso: abin da ƙasashe masu wadata suka gwada

A watan Satumba na shekarar 2015 ƙasar Norwe ta fara kwashe wasu daga cikin ƴan kasonta tana kai su Holand, inda ta ɗauki hayar wani gidan kaso mai suna Norgerhaven mai cin mutum 242, saboda a gida waɗanda kotu ta yanke wa hukunci sun fi ƙarfin ɗakunan da ake da su, har mutum yakan zauna a gidansa watanni yana jiran a kira shi ya zo ya fara zaman kasonsa. Ita kuwa Holand ɗakunanta ne suka rasa masu shiga, domin tsakanin 2005 da 2015 yawan ƴan kasonta ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100, lamarin da ya kai ta ga rufe gidajen kaso fiye da 20, ta mai da wani otal, ta sauki ƴan gudun hijira a wasu. Irin waɗannan labarai, haɗe da bidiyon ɗakunan kaso masu talabijin da firji da ke yawo a WhatsApp, sukan ta da gardama a duk fadar da matasa ke shan shayi a Yamai, daga Bukoki har Harobanda. Wasu su ce Turawa sun mai da hukunci wasan yara, wanda zai samu ɗaki irin wannan ai gara ya yi sata. Wasu kuma su ce mai ƙoshi ba ya sata, arziki ne ya kore musu laifi, saboda haka talaka ba shi da abin koyo a wurinsu. Abin da ya gudana a waɗannan ƙasashe cikin shekaru 60 da suka wuce bai gaskata ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba.

Da fari dai, arziki ƙara laifi ya yi kafin laifin ya ragu. Daga farkon shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1990, a daidai lokacin da Amurka da yammacin Turai suke ƙara wadata fiye da duk abin da suka taɓa gani, sata da fasa gidaje da fashi suka riƙa ninkuwa. A shekarar 1979 wasu masana zamantakewa biyu na Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, suka ba da bayanin da har yau ake kafa hujja da shi, cewa laifin dukiya yana aukuwa ne idan abu uku suka haɗu a wuri guda: mai niyyar ɗauka, da abin da ya isa a ɗauka, da rashin mai sa ido. Wadata ta yawaita na biyu da na uku. Rediyo da talabijin suka shiga kowane gida, kuma suna ƙara sauƙin ɗauka shekara bayan shekara, motoci suka cika tituna, mata da miji suka riƙa fita aiki tare suna barin gida ba kowa tun safe har yamma. Duk wanda ya ga yadda Yamai ta sauya bayan shigowar baburan Sin masu araha da wayar salula ba ya buƙatar dogon bayani. A gidan gargajiya mai zaure, inda kaka ke zaune a tsakar gida, yara suna shiga suna fita, maƙwabciya ta leƙo neman wuta, ɓarawon rana ba shi da wurin tsayawa; amma a sabuwar unguwa mai dogayen katangu, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, katangar da aka gina don ta tare shi ita ce ke rufa masa asiri da zarar ya haura.

Daga farkon shekarun 1990 sai al'amarin ya juya, kuma ba wani masani da zai yi iƙirarin ya hango girman juyin. A Amurka kisan kai ya sauko daga kusan mutum 10 cikin kowane 100,000 a shekarar 1991 zuwa ƙasa da 5 a 2014. Birnin Niyu Yok, wanda aka kashe mutum 2,245 a cikinsa a 1990, ya ga adadin ya faɗo ƙasa da 300 a 2017. A Ingila da Wales, binciken da hukuma ke yi gida-gida tana tambayar mutane ko an yi musu wani laifi ya nuna cewa laifuffuka sun kai ƙololuwa a 1995, sannan suka ragu da fiye da kashi biyu cikin uku. Japan ta rubuta laifuffuka kusan miliyan 2.85 a 2002, amma a 2021 ba su kai 570,000 ba.

Ƴan siyasar Amurka sun yi saurin cewa kaso ne ya yi wannan aiki, kuma a ido maganar tana da kama. A farkon shekarun 1970 gidajen kason jihohi da na tarayya suna riƙe da kimanin mutum 200,000. Zuwa 2008 sun haura miliyan 1.5, kuma idan aka haɗa da waɗanda ke tsare a kason ƙananan hukumomi adadin ya kai miliyan 2.3. Sai dai maƙwabciyarta Kanada ta ga laifi ya kai ƙololuwa a 1991 sannan ya sauka kusan tare da na Amurka, alhali ba ta yi irin wannan ƙarin ɗauri ba. Misalin Finlan ya ma fi fito da abin fili. A shekarun 1950 tana ɗaure kusan mutum 190 cikin kowane 100,000, kusan ninki huɗu na maƙwabtanta, sai masananta da alƙalanta suka ɗauki wannan a matsayin abin kunya, suka shafe shekaru suna taƙaita wa'adin hukunci, suna faɗaɗa tara da ɗaurin talala, har adadin ya sauko wajen 60 a shekarun 1990. A duk tsawon wannan lokaci laifi a Finlan ya hau ya sauka daidai da yadda ya hau ya sauka a Suwidin da Norwe da Danmak, waɗanda yawan ƴan kasonsu bai sauya sosai ba. A 2014 majalisar binciken kimiyya ta ƙasar Amurka da kanta ta fitar da babban rahoto wanda ya ce ƙarin ɗaurin mai yiwuwa ya rage laifi, amma mafi yawan nazarce-nazarce sun nuna da wuya ragin ya zama mai yawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar da ke ɗaure mutane kaɗan tana fara ɗaure mafi haɗari ne. Idan ta ninka adadin sau biyar, waɗanda ke shiga daga baya galibi ƙananan masu laifi ne. Sannan laifin ƙarfi da na sata aikin ƙuruciya ne, yana tashi daga wajen shekara 15, ya kai ƙarshen zafinsa kafin 25, ya yi sanyi idan mutum ya yi aure ya samu abin yi, saboda haka wanda aka ɗaure shekara 40 yana da 20 a duniya zai cinye rabin wa'adinsa ne a shekarun da ko an sake shi da wuya ya tsallaka katangar wani. Tun a 1764 masanin Italiya Cesare Beccaria ya rubuta cewa tabbacin hukunci da saurinsa sun fi tsananinsa hana laifi, kuma binciken zamani ya goyi bayansa. Saurayin da ke shirin fizge wayar wata baiwar Allah a bakin kasuwar Katako bai san ko doka ta tanadi shekara biyu ko biyar ba, abin da yake aunawa shi ne ko za a cim masa kafin ya sha kwana.

Har yau masana ba su daidaita a kan abin da ya sauko da laifin ba, amma akwai dalilan da suka fi sauran ƙarfi. Tsaron kaya ya inganta ƙwarai: tun daga 1998 Tarayyar Turai ta wajabta sanya wa kowace sabuwar mota na'urar da ke hana ta tashi sai da makullinta na asali, kuma wani nazari ya gano wannan kaɗai ya rage satar mota da kimanin kashi 40 cikin 100. Amurka ba ta wajabta ba, kuma daga 2021 da matasa suka gano ta intanet cewa wasu motocin kamfanonin Koriya biyu ba su da na'urar, satarsu ta zama annoba a birane da dama. Jama'ar waɗannan ƙasashe ma sun tsufa, samari sun yi ƙaranci. Akwai kuma masu danganta abin da daina zuba dalma a man fetur, domin dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa iya danne zuciya, kodayake ana gardama a kan girman tasirin. Wani kaso na laifin kuwa bai ɓace ba, wuri ya sauya: a Ingila da Wales damfara, wadda galibinta ta waya da intanet ake yin ta, ita ce yanzu ta kai kusan kashi 40 cikin 100 na laifuffukan da binciken gida-gida ke ƙirgawa. Wannan ɓangaren dai bai jira mu yi arziki ba, tuni ya iso, kamar yadda duk wanda aka taɓa kira aka ce masa an turo masa kuɗi bisa kuskure ya sani.

Idan yawan ɗauri ba shi ne ke juya yawan laifi ba, to tambayar yadda ake riƙe ɗan kaso ta koma wata daban, wato wane irin mutum ne zai fito, tunda kusan duk wanda ya shiga zai fito. A nan ne Norwe ta yi suna. Gidan kason Halden, wanda aka buɗe a 2010 don mutum kimanin 250, gida ne na masu manyan laifuffuka, da katanga mai tsawon mita 6 kewaye da shi, amma a ciki kowa yana da ɗakinsa da makewayinsa da tagar da ba ƙarafa, ƴan kaso goma ko sha biyu suna tarayya a ɗakin girki guda inda suke dafa abincinsu da wuƙaƙe na gaske, kuma da safe kowa ya fita zuwa aji ko wurin koyon kanikanci ko kafinta. Ƙa'idar da suke bi ita ce, hana mutum ƴancin tafiya shi ne hukuncin, ba a ƙara masa da yunwa ko wulaƙanci. Abin da bidiyo ba ya nunawa, kuma a ganina ya fi ginin muhimmanci, shi ne ma'aikata. Mai gadin kaso a Norwe sai ya yi karatun shekara biyu a makaranta ta musamman, ba ya ɗaukar bindiga a cikin gidan, yana cin abinci tare da ƴan kason, kuma kowane ɗan kaso yana da jami'i guda da ke bin lamarinsa, ya taimaka masa neman wurin zama da aiki kafin ranar fita. Malamai da likitocin da ke aiki a ciki ba ma'aikatan kaso ba ne, na makarantu da asibitocin gari ne, domin karatu ko maganin da aka fara a ciki ya ci gaba a waje.

Ana yawan ambaton cewa kashi 20 cikin 100 kacal na ƴan kason Norwe ke komawa ƴar gidan jiya, a Amurka kuwa kusan 70. Wannan kwatanci yana da rauni, kuma mai son gaskiya bai kamata ya dogara da shi ba. Adadin Norwe yana ƙirga waɗanda kotu ta sake yanke wa hukunci cikin shekara biyu, na Amurka kuwa, kashi 68 na waɗanda aka saka a jihohi 30 a 2005, yana ƙirga duk wanda ƴan sanda suka sake kamawa cikin shekara uku ko da ba a kai shi kotu ba. Norwe tana ɗaure masu tuƙi cikin maye na ƴan makonni, mutanen da dama can da wuya su sake shiga hannu, kuma baƙin da ta mayar ƙasashensu bayan wa'adi ba sa sake bayyana a littafinta. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga wani nazari da Manudeep Bhuller da abokan aikinsa uku suka wallafa a 2020. Sun lura cewa a kotunan Norwe ana raba wa alƙalai shari'u ne kamar da ƙuri'a, kuma wasu alƙalan masu tsanani ne wasu masu sassauci, don haka ana samun mutum biyu masu laifi iri ɗaya, ɗaya ya tafi kaso ɗaya ya koma gida, ba don komai ba sai sa'ar alƙali. Da suka bi irin waɗannan mutane shekara biyar, sai suka tarar wanda aka ɗaure ya fi wanda aka bari nisantar laifi, da tazarar kusan maki 29 cikin 100. Amma amfanin kusan duka ya tattaru ne a kan waɗanda ba su da aikin yi kafin a kama su, waɗanda suka koyi sana'a a ciki suka fito suka samu aiki. Masu aiki kuwa ɗaurin raba su da aikinsu ya yi, kuma da yawa ba su farfaɗo ba. Wani nazari mai irin wannan hanya da aka yi a yankin Houston na jihar Texas ya gano akasin haka, wato ɗauri yana ƙara yiwuwar komawa laifi. Kaso dai sunansa kaso a wuraren biyu, abin da ake yi da mutum a cikinsa ne ya bambanta.

Tsarin yana da iyakarsa. Anders Breivik, wanda ya kashe mutum 77 a Norwe ranar 22 ga Yuli, 2011, shekara 21 aka yanke masa, mafi tsawon wa'adin da doka ta yarda da shi a lokacin, sai dai irin ɗaurin da ake iya sabuntawa muddin kotu na ganin yana da haɗari, kuma an ƙi roƙonsa na a sake shi. Ita Norwe ɗin ma ta sha suka daga hukumomin yaƙi da azabtarwa saboda yawan keɓe masu jiran shari'a su kaɗai a ɗaki. Suwidin, wadda ta daɗe a kan irin wannan tafarki, ta faɗa cikin rikicin ƙungiyoyin masu fataucin ƙwaya a unguwannin da aka bar ƴaƴan baƙi ba aiki ba makoma, har aka harbe mutum fiye da 60 a shekarar 2022 kaɗai, ana kuma ɗaukar yara ƴan ƙasa da shekara 18 hayar kisa ta wayar salula. Ta tsananta dokokinta, kasonta ya cika, kuma a 2025 ta ƙulla yarjejeniyar hayar wurin mutum 600 a birnin Tartu na Estoniya. Faransa kuwa, wadda daga gare ta muka gaji tsarin shari'armu, a ƙarshen 2024 tana riƙe da ƴan kaso fiye da 80,000 a wuraren da aka yi don kimanin 62,000, dubbai suna kwana a katifa a ƙasa, duk da hukuncin da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke mata a kan haka a Janairun 2020. Kuɗi kaɗai ba su saya mata kaso mai mutunci ba.

Japan ta nuna wata fuska ta daban. Ƙasa ce da kisan kai bai kai mutum 1 cikin 100,000 ba, kasonta mai tsananin horo ne, tana kuma zartar da hukuncin kisa, amma fiye da kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ake kamawa yanzu ƴan shekara 65 zuwa sama ne, galibi a kan satar abin da bai taka kara ya karya ba a shago. Tsofaffi ne masu zama su kaɗai, fansho bai isa ba, ƴaƴa sun yi nisa, har wasunsu kan sake ɗaukar wani abu da gangan don su koma inda akwai abinci da likita da abokin magana. Abin da ya fi jan hankalina a can shi ne masu sa-kai da ake kira hogoshi, dattawan unguwa fiye da 40,000 waɗanda ba su da albashi, ma'aikatar shari'a ke naɗa su, kowane a ba shi mutum ɗaya ko biyu da aka sako ko aka yi wa talala, ya riƙa ganawa da su a kai a kai, sau da yawa a gidansa, ya nema musu aiki, ya rubuta rahoto. Aikin ba ya rasa haɗari, domin a 2024 an kashe ɗaya daga cikinsu a gidansa a birnin Otsu, kuma wanda yake kula da shi aka kama da zargin kisan.

A Nijar lissafin ya sha bamban ta wajen shekaru, tunda kusan rabin al'ummarmu ba su kai shekara 15 ba, ma'ana rukunin da ya fi shiga laifi ƙaruwa zai yi, ba raguwa irin ta Japan ba. Amma akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: idan aka auna da yawan jama'a, ƴan kason ƙasar nan ba su kai ko kusa da na Faransa ba, sun fi kusa da na arewacin Turai. Cunkoson da ake gani a gidan kason Yamai, wanda aka gina tun zamanin mulkin mallaka kuma yake ɗauke da ninkin ba ninkin abin da aka yi shi dominsa, ba daga yawan hukunci ya taso ba, daga jinkirinsa ne, domin fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar masu jiran shari'a ne. Wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan kaso da hantsi ya ga mata a jere da kwanonin abinci ɗaure a ƙyalle, gardi yana buɗewa yana juya tuwon da cokali kafin ya bari a shiga da shi, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kai wa abincin nan alƙali bai ce sun yi laifi ba tukuna.

Abubuwan da suka yi aiki a ƙasashe masu wadata ba duka ne masu tsada ba. Finlan tun 1921 take auna tara da abin da mutum ke samu a rana, har a 2002 aka ci wani babban jami'in kamfanin Nokia tarar yuro 116,000, kimanin sefa miliyan 76, saboda gudu da babur a Helsinki, kafin kotu ta rage. Irin wannan tsari yana hana tara ta zama abin dariya ga mai kuɗi, ta zama ƙofar kaso ga ɗan kabu-kabu. Dokar aikin amfanin jama'a a maimakon ɗauri tana nan a ƙasarmu tun 2017, amma alƙali ba zai yanke irin wannan hukunci da kwanciyar hankali ba sai ya san akwai wanda zai karɓi mai laifin a ma'aikatar magajin gari ko asibiti, ya rubuta zuwansa da tashinsa. Dattawan da za su yi aikin hogoshi kuwa muna da su a kowace unguwa ta Yamai da Tawa, masu unguwanni da limamai da shugabannin masu sana'a waɗanda dama su ne ke sasanta mafi yawan rigingimu kafin su kai komisariya. Abin da Japan ta ƙara a kai shi ne naɗi a hukumance, da horo, da takardar da ke sanar da dattijon cewa wane zai fito ranar kaza.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan ranar fita. Jami'in Halden yana iya tsara wa mutum karatun kanikanci na shekara biyu da neman ɗaki da ganawa da mai ba da aiki ne saboda ya san watan da za a buɗe masa ƙofa. Saurayin da aka tsare a kan zargin satar babur yana jiran alƙali mai bincike ya kammala takardunsa ba shi da wannan rana, saboda haka ba a iya lissafa masa watannin koyon walda ko ɗinki, maigidansa a gareji ba ya iya ajiye masa gurbi, kuma idan shari'ar ta zo bayan shekara biyu aka yanke masa wata shida, ko aka wanke shi, a ranar za a sallame shi da kayan da ya shiga da su.